Zanen Giya: Da'irar da Ba a Gani Ita Ake Fara Zanawa

A 1998 ne Birtaniya ta fara kashe tsabar fam 2 mai launi biyu. A bayanta an zana zobe na giyoyi 19, wato faya-fayan nan masu haƙora, kowace ta saƙa haƙoranta cikin na maƙwabciyarta, don tunawa da zamanin bunƙasar masana'antu. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Sai dai da za a ƙera shi da ƙarfe, ko gezau ba zai yi ba. Duk giya biyu da suka haɗa haƙora, in ɗaya ta juya dama, tilas ɗayar ta juya hagu. Ta farko dama, ta biyu hagu, ta uku dama, a haka har ta 19 ta faɗo a dama, alhali tana manne da ta farko wadda ita ma dama ta nufa. Sai su cije. Zoben giyoyi ba ya juyawa sai adadinsu ya rabu biyu cif.

Ba ma sai an je Ingila ba. A tambarin wasu makarantun koyon sana'a da allunan shagunan kayan gyara a garuruwanmu, za ka ga giyoyi uku kowace na taɓa sauran biyun, ko babba mai manyan haƙora an haɗa ta da ƙarama mai siraran haƙora. Wannan yana damuna, domin yaron da zai zama injiniya gobe da irin wannan hoton idonsa yake sabawa. Wanda ya zana giya ya yi alkawari ne cewa abin nan zai juya, kuma akwai lissafin da ke nuna ko ya cika alkawarin.

Zanen giya iri biyu ne, kuma rikita su yana jawo ɓarna. Akwai wanda ake miƙa wa mai injin yanka ƙarfe domin ya ƙera. Akwai kuma wanda ake sa wa a littafin makaranta ko takardar bayanin inji domin mai karatu ya gane yadda abin yake aiki. A na farko ba a ma zana haƙoran. A na biyu dole a zana su, kuma dole su zama na gaskiya. Amma dukansu daga wuri ɗaya suke tashi.

Ka ɗauka faifai biyu ne sumul, babu haƙori ko ɗaya, an matse su gefe da gefe, ɗaya yana juya ɗaya ba tare da zamewa ba. In faɗin na biyu ya ninka na farko, to na farko zai zaga sau biyu kafin na biyu ya zaga sau ɗaya. Matsalar kawai, da an ɗora musu nauyi za su fara sulɓewa. Haƙora an ƙirƙiro su ne don hana wannan sulɓewar, ba don su canza komai a lissafin juyin ba. Saboda haka a cikin kowace giya akwai wancan faifan sumul a ɓoye, yana ratsa haƙoran ta wajen tsakiyar tsayinsu. Shi ne da'irar haɗuwa. Ba za ka gan ta a jikin ƙarfen ba, ba za ka iya ɗora ma'auni a kanta ba, amma ita ake fara zanawa. Da'irorin haɗuwar giyoyi biyu dole su shafi juna a ɗigo ɗaya tak, a kan layin da ya haɗa cibiyoyinsu. In sun shige cikin juna, ko sun bar rata, zanen ya lalace tun kafin a fitar da haƙori.

Girman haƙori kuma da modul ake faɗarsa. In ka raba faɗin da'irar haɗuwa, a milimita, da yawan haƙora, abin da ya fito shi ne modul. Ba kowace lamba ake ɗauka ba, akwai jerin da hukumar tsara ƙa'idojin ma'auni ta duniya, ISO, ta tsayar: 1, 1.25, 1.5, 2, 2.5, 3, 4, 5, 6, 8, 10 da sauransu. Giyoyi biyu ba sa shiga juna sai modul ɗinsu ya zo ɗaya. Wato ƙaramar giya ba ƙananan haƙora gare ta ba, haƙora kaɗan gare ta, amma girmansu ɗaya da na babbar.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Injin lantarki yana juyawa sau 1,440 a minti, ana son a rage shi zuwa 720. Sai a zaɓi ƙaramar giya mai haƙora 20 da babba mai 40, modul 4. Faɗin da'irar haɗuwar ƙaramar milimita 80 ne, na babbar 160. Tazarar cibiyoyinsu rabin jimillar biyun, wato 120. Haƙori yana ɗagowa sama da da'irar haɗuwa da tsawon modul ɗaya, ya nutse ƙasa da ita da modul ɗaya da kwata. Don haka da'irar kan haƙora ta ƙaramar 88 ce, ta gindinsu 70. Ta babbar 168 da 150. Wannan kwatan da aka ƙara a ƙasa, milimita 1 a misalinmu, shi ke hana kan haƙorin wata ya daki gindin ramin ɗayar, kuma nan mai yake samun wurin zama. A kan da'irar haɗuwa, daga haƙori zuwa na gaba milimita 12.57 ne, rabi na haƙori, rabi na rami. In da kusurwa za a auna, haƙoran ƙaramar suna bin juna kowane digiri 18, na babbar kowane digiri 9.

Duk wannan kamfas da rula sun isa. Inda aikin yake shi ne gefen haƙorin, domin ba miƙaƙƙen layi ba ne, ba kuma yankin da'ira ba ne.

Tsofaffin giyoyi ba su damu da haka ba. Na'urar lissafin taurari ta tagulla da aka tsamo a teku kusa da tsibirin Antikitera na Girka a 1901, wadda ta haura shekara 2,000, haƙoranta masu kusurwa uku ne. Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na injuna a 1206 a Diyarbakir da ke Turkiyya ta yau, ya zana injunan ɗebo ruwa masu ƙafafu da turaku a matsayin haƙora. Waɗannan sun yi aikinsu, domin hannu ko dabba ko ruwa ne ke juya su sannu a hankali. Aibinsu shi ne ko da mai turawa tana tafiya daidai, wadda ake turawa tana ɗan zabura ta ɗan lafa a kowane haƙori. A misalinmu haƙora 480 ne ke shiga juna a kowace daƙiƙa. Zabura 480 a daƙiƙa ƙara ce da zafi da cin ƙarfe. A ƙarni na 17 masana irin su Ole Romer na Denmak da Philippe de La Hire na Faransa suka yi aiki a kan lanƙwasar da ɗigo yake zanawa in da'ira na birgima a kan wata, wadda masu agogo suka riƙe. A tsakiyar ƙarni na 18 Leonhard Euler ya yi lissafin lanƙwasar da injiniyoyi ke kira infolut, kuma ita ce a kusan duk giyabos ɗin mota da injin masana'anta a yau.

Kowa zai iya zana ta a gida. Naɗe zare a jikin gwangwani, ka kafa gwangwanin a kan takarda, ka ɗaure fensir a bakin zaren, sannan ka riƙa warwarewa zaren yana a miƙe tsam. Layin da fensirin ya bari shi ne gefen haƙori. Da'irar da zaren ke barin jikinta ita ce da'ira ta huɗu a zanen giya, mu kira ta da'irar zare, kuma ba ɗaya take da da'irar gindin haƙora ba, ko da yake ɗalibai da yawa suna haɗa su.

Me ya sa wannan lanƙwasar ce ta yi nasara? Tuna bel ɗin injin niƙa idan aka harɗe shi tsakanin ƙafafu biyu: yana warwaruwa daga ɗaya yana naɗuwa a ɗayar, don haka saurinsu ba ya taɓa saɓawa. Haƙoran infolut abin da suke kwaikwayo ke nan. Wurin da haƙora biyu suke taɓa juna yana tafiya ne a kan miƙaƙƙen layi guda wanda ya shafi da'irorin zaren biyu, ya ratsa ta ɗigon haɗuwa. Shi ne layin turi. Karkatarsa daga layin da ya shafi da'irorin haɗuwa ita ce kusurwar turi, wadda a yau aka fi tsayar da ita a digiri 20. Akwai wata fa'ida da masu ƙira suke ƙauna: ko cibiyoyin sun ɗan nisanta da juna saboda kuskuren awo ko cinyewar boris, lissafin saurin bai canza ba. Ga kuma ta uku: in giya ta yi girman da gefenta ya zama miƙaƙƙe, haƙorinta sai ya koma miƙaƙƙen layi mai karkatar digiri 20. Shi ya sa wuƙa guda mai miƙaƙƙun haƙora take iya fitar da giya mai kowane adadin haƙora a modul ɗaya.

A takarda ga yadda ake yi. Faɗin da'irar zare shi ne faɗin da'irar haɗuwa a ninka da kosayin ɗin digiri 20, wato 0.9397. Ta ƙaramar giyarmu 75.18, ta babbar 150.35. A kan da'irar zaren ƙaramar, zaɓi wani wuri ya zama mafari, daga nan sa ɗigo-ɗigo kowane digiri 5. Kowane taki tsawon bakansa milimita 3.28 ne. Daga ɗigo na ɗaya ja layin da ya shafi da'irar, ka auna 3.28 a kansa ta ɓangaren mafarin. Daga na biyu 6.56, daga na uku 9.84. Kafin ka kai taki na bakwai ka iso da'irar kan haƙora. Haɗa ƙarshen layukan da lanƙwasa mai santsi, gefe ɗaya ya samu. Daga inda ta ratsa da'irar haɗuwa, matsa digiri 4.5, ka ja layi zuwa cibiya. Wannan ne tsakiyar haƙori, sai a kifa lanƙwasar a ɗaya gefen. Haƙori ɗaya ake wahala a kansa. Sauran kwafi ne, ko da takarda mai shara-shara ko da umarnin maimaitawa a kwamfuta.

A nan akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Infolut ba ta wanzu a cikin da'irar zare, tunda zare ba ya warwaruwa zuwa cikin gwangwani. A ƙaramar giyarmu da'irar zare 75.18 ce, gindi kuwa 70, don haka akwai wani yanki na haƙorin da ba infolut ba ne. Masu zane suna cike shi da layin da ya nufi cibiya, sannan su lanƙwasa kwanar gindin da rabin faɗi kamar 0.38 na modul, kusan milimita 1.5 a nan. Kada a bar kwanar da kaifi, don daga nan haƙori yake fara tsagewa. A babbar giyar kuwa da'irorin biyu sun kusa hawa kan juna, kuma daga haƙora 42 zuwa sama gindin ma yana fita waje da da'irar zare. Shi ya sa haƙoran ƙaramar giya suke da ƙugu da kumburi, na babba kuma suke kusan miƙewa. Wanda ya kwafi haƙorin babbar ya liƙa wa ƙaramar, modul ya yi daidai amma siffa ta kuskure.

In aka ci gaba da rage haƙora, wuƙar yanka tana fara ƙwaƙule gindin haƙori har ya sirance. A digiri 20 wannan yana farawa ne ƙasa da haƙora 17. A tsohon tsarin digiri 14.5 kuwa ƙasa da 32. Yana daga cikin dalilan da suka sa aka koma 20. To in ka ga an zana giya mai haƙora 8 masu faɗin gindi tana jan kaya, ka san hannu ne ya zana ba lissafi ba, sai fa in an rubuta cewa an gyara siffar haƙorin da gangan.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ba aibi ba ce in zanen na kallo ne. Ana maye gurbin infolut da yankin da'ira wanda cibiyarsa ke kan da'irar zare. Robert Willis na Jami'ar Kambirij ya ƙera wa masu zane ma'auni na musamman don wannan tun a shekarun 1830. Tsofaffin littattafai sukan ce a buɗe kamfas kashi ɗaya cikin takwas na faɗin da'irar haɗuwa. Wannan adadin da digiri 14.5 ya dace, domin sayin ɗin wannan kusurwar kusan kwata ne. A digiri 20, lanƙwasar da ta dace a ɗigon haɗuwa 0.171 na faɗin ce, wato milimita 13.7 a ƙaramar giyarmu, ba 10 ba. Ni a ganina kowane ɗalibi ya kamata ya zana infolut ta gaskiya da hannunsa ko sau ɗaya ne kafin a nuna masa gajeriyar hanya. Manhajojin zane na kwamfuta irin su FreeCAD da Inkscape duk suna fitar da giya cikin ƙiftawar ido, amma tambayoyin da za su yi maka su ne modul ko tazarar haƙora, da yawan haƙora, da kusurwar turi, kuma wanda bai san ma'anarsu ba lambobi kawai zai cika.

Wajen haɗa biyun a zane, a sa haƙorin ɗaya ya fuskanci ramin ɗayar a kan layin cibiyoyi. Sannan a gwada zanen da layin turi: duk inda haƙora suka taɓa juna dole ya faɗo a kansa. A giyoyinmu matsakaicin adadin haƙoran da ke riƙe da juna kusan 1.6 ne, ma'ana kafin wani haƙori ya saki, na bayansa ya riga ya kama, kuma fiye da rabin lokaci biyu-biyu ne ke ɗauke da nauyin. Haka nan haƙori gefe ɗaya yake turawa, ɗaya gefen akwai 'yar rata da ake bari da gangan don mai da kumburin zafi. Zane mai kyau yana nuna wannan, har mai kallo ya gane wace ce ke tura wace ko ba a sa kibiya ba. Wani abin lura a gefe: 20 da 40 suna da daɗin lissafi, amma kowane haƙorin ƙaramar haƙora biyu kacal na babbar zai riƙa haɗuwa da su har abada. In ɗaya yana da tabo, nan zai yi ta ci. Da 41 aka sa, kowa sai ya gaisa da kowa, cin ya bazu.

Zanen da za a kai wa mai ƙira kuwa ya fi wannan sauƙi nesa. Ƙa'idar ISO 2203 ta 1973 ta ce a zana giya kamar faifai marar haƙori: da'irar kan haƙora da layi mai kauri, da'irar haɗuwa da siririn layi na dogon zane da ɗigo. Da'irar gindi galibi ana barinta sai a hoton da ke nuna giyar an tsaga ta biyu, kuma a can ma ana cike jikin da layukan karkace amma a bar haƙorin fari. In haƙoran karkatattu ne, layuka uku sirara sun isa su nuna inda suka karkata. Sauran bayani yana cikin ɗan jadawali a gefen takarda: modul, yawan haƙora, kusurwar turi, matakin inganci, haƙoran abokiyar haɗinta da tazarar cibiyoyi. Dalilin a fili yake. Mai injin ba zane yake bi ba, wuƙa yake zaɓa, ya saita na'urar raba da'ira. Yawancin waɗannan na'urori hannunsu sau 40 yake zagawa kafin aikin ya zaga sau ɗaya, don haka haƙora 20 zagaye biyu-biyu ne, 40 kuwa ɗaya-ɗaya. Hoton kwamfuta mai sheƙi wanda ba shi da wannan jadawalin bai gaya masa komai ba.

A zanen da ke nuna giya a karkace, irin na aisometirik, da'ira takan matse, gajeren faɗinta ya koma kusan 0.58 na dogon, kuma gajeren nan dole ya bi layin sandar da giyar ke kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba haƙora daidai wa daida a jikin matsattsiyar da'irar. A raba su ne a cikakkiyar da'ira tukuna, sannan a ɗauko kowane ɗigo a kai shi. Sai ka ga haƙoran da ke ƙarshen dogon faɗin sun fito dogaye suna cunkushe, na wajen gajeren kuma gajeru masu faɗi. Giyoyi masu karkatattun haƙora a kan sanduna biyu da ke jere, ɗaya dama take karkata ɗaya hagu. Masu siffar mazurari, irin na cikin aksul ɗin baya na mota, a tsarinsu na asali tsinin mazuraran biyu a ɗigo ɗaya suke haɗuwa, inda layukan sandunan suka gicciye.

Inda wannan ilimin ya fi amfani a wurinmu shi ne ranar da giyar tsohon inji ta karye, babu takardarta, kamfanin da ya yi ta ma wataƙila babu shi. Haka ake yawo da guntun ƙarfe a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ana neman irinsa ko wanda zai yanka sabo. Lissafin baya-baya ake yi. Ƙirga haƙora, auna faɗin waje, ka raba da yawan haƙora haɗe da biyu. Haƙora 30 da faɗin 96 sun ba da modul 3. In kuwa faɗin 101.6 ne, amsar 3.175 za ta fito, wadda ba ta cikin jeri. Wannan alama ce giyar ta tsarin inci ce irin na Amurka da tsofaffin injunan Ingila, inda ake ƙirga haƙora nawa ne a kowane inci na faɗi. A raba 25.4 da 3.175, a sami 8. Wanda ya ce ai 3.175 kusan 3 ce, ya yanka modul 3, giyarsa za ta yi kuka ta cinye abokiyarta.

Awon yana da tarkuna. In haƙoran mara ne, bakin ma'auni ɗaya zai sauka a kan haƙori ɗaya kuma a rami, don haka daga ramin tsakiya ake aunawa zuwa kan haƙori, a haɗa da rabin faɗin ramin, a ninka biyu. Kan haƙoran tsohuwar giya ya riga ya cinye, sai a tabbatar da amsar da tazarar ramukan sanduna a jikin akwatin, wadda ba ta cinyewa haka. In lissafin biyu sun ƙi haɗuwa, mai yiwuwa an gyara siffar haƙoran tun daga masana'anta, ko karkatattu ne, kuma wannan ƙa'idar ta haɗa biyu ba ta wadatar a nan. Sai kusurwar turi, wadda faɗin waje ba ya nuna ta sam: giyar tsohon inji tana iya zama ta 14.5, kuma sabuwar giya ta 20 ba za ta zauna da ita lafiya ba ko da girman haƙora ɗaya ne. Ana gane ta ta hanyar auna tazarar da ke tsakanin gefunan haƙora uku ko huɗu a jere a gwada da jadawali, ko a ɗora haƙorin a kan wuƙar da aka san lambarta a duba ko haske yana ratsawa. Saboda haka a tafi da abokiyar haɗin tata wurin mai yanka, ba karyayyar kaɗai ba.